Shekarar da Girar Iro ta Zube

Abu uku Iro ƙanena yake da su a shekarar da wannan lalura ta same shi: rumfa a kasuwar Maska, wadda na yanka masa daga gefen tawa, amanar masu rini, waɗanda suke miƙa masa turkuɗi ya sayar ba tare da shaida ba, da yarinyar da aka yi masa alkawari, 'yar Malam Sale mai karofi. Duka ukun a kan abu ɗaya suke tsaye, wato mutane su yarda jikinsa lafiyayye ne. Mai sayar da tufa da hannu yake ciniki. Shi zai warware, shi zai shafa, shi zai ɗora wa mai saye a kafaɗa. Ranar da aka fara ƙyamar hannun nan ciniki ya mutu, ko da kaya sun taɓo rufin rumfa.

Ni ba malami ba ne, ba kuma mai magani ba. Da dakon auduga na fara, na koma dillanci, har Allah ya ba ni jakuna na kaina. Ina ajiye wannan labari ne saboda 'ya'yana da duk wanda yake da saurayi a gida. Abin da na gani da idona zan faɗa.

Bayan kaka ne, wata Juma'a da safe, Mati wanzami yana yi mana aski a ƙofar gida. Ya jiƙa kan Iro, ya ɗora aska, sai ya tsaya.

"Iro, wa ya riga ni aski a nan?"

Na leƙa. Bayan kunnen dama akwai wani fili kamar girman wuri na kuɗi, sumul, babu ko tsiron gashi. Ba ƙaiƙayi, ba ɓawo, ba ciwo. Mati ya ce ba kora ba ce, don kora tana da ƙaiƙayi tana kuma fari-fari. Ya ce, "Jini ne ya kwanta a gindin gashi." Ya yi masa 'yar tsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙe baƙin jini, muka sallame shi. Ni dariya ma na yi. Mu maza aski muke yi duk mako, to mene ne abin damuwa don Allah ya rage wa wanzami aiki?

Kafin rani ya raba, filin ya zama uku, ukun suka haɗe. Taubasanmu suka samu abin yi. In Iro ya cire hula zai yi alwala sai ka ji wani ya ce, "Tsaya, tsaya, ara mini kan nan in duba haƙorina." Shi kuma ba ya barin bashi. Sai ya ce, "Kai da kake da gashin, me ka taɓa saye da shi?" A yi dariya a watse.

A cikin gida kuwa ba a dariya. Inna, mahaifiyarmu, ta fara da man kaɗe, ta koma goga albasa har idonsa yana ruwa. Liman ya yi masa rubutu yana sha yana shafawa. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Tsiga da tata fassarar: wai an bar askinsa a ƙasa ba a binne ba, tsuntsu ya kwashe ya yi sheƙa da shi, in ba a samo sheƙar an ƙona ba gashi ba zai dawo ba. Da aka kasa samun sheƙa sai ta ce to mutum ne ya kwashe, an kai shi inda ake kaiwa. Aka yi hayaƙi, aka yi wanka da saiwoyi, aka yanka akuya aka raba sadaka. Kowane mako da sabon mai shawara, kowace shawara kuma da abin da take ci. Ban hana ba. Zane ɗaya yau, kwandon dawa gobe, ba su ne za su karya ni ba, kuma hankalin Inna yana kwanciya.

Sai sajensa ya fara zuba. Yaro ne mai son sajensa, yana gyara shi kamar gonar ƙofar gida. Da safe in ya wanke fuska sai ya tarar da gashi a tafin hannu. Gemun da ya fara tarawa ya bi. Da bazara ta shigo, girar hagu ta tsinke a tsakiya, ba a jima ba ta dama ta bi ta, sannan gashin ido.

A nan ne wasa ya tsaya. Wannan ita ce alamar da nake so ku riƙe: muddin ana tsokanar majinyaci, yana cikin mutane. Ranar da taubasai suka fara gaishe shi da ladabi suna wucewa, na san mun shiga uku. A ƙasarmu kowa ya san cutar da take cin gira. Babu wanda ya furta sunanta, amma kowa yana kallon yatsunsa in yana ƙirga wuri.

Maƙwabta biyu da muke haɗa akushi da su a zaure tun zamanin mahaifinmu suka fara zuwa da cewa, "Alhamdu lillahi, yanzu na tashi daga kan tuwo." Mai furar da yake saye a wurinta kullum ta ce masa ludayinta ya tsage, ya riƙa zuwa da ƙoƙonsa. Ran wata kasuwa wani Bakano da ya saba saye a hannunsa ya tsaya a bakin rumfa, Iro ya miƙa hannu zai warware masa kore, baƙar tufar nan ta rini, sai mutumin ya waiwayo wajena.

"Maigida, ɗauko mini da kanka mana. Na fi gane wa hannun manya."

Na ɗauko na ba shi. Ciniki ne. Amma na ga yadda Iro ya mayar da hannunsa cikin riga.

Inna ta ga abin ya yi yawa, sai ta yi dabara irin ta uwa. Ta kwaɓa shuni da ɗan man shanu, ta zana masa gira da tsinke. Daga nesa ba ka ganewa. Ya fita kasuwa da ita, ya janyo hula har goshi. Amma zafin bazarar Maska ba ya rufa wa kowa asiri. Kafin azahar gumi ya narkar da ita, shuni ya gangaro masa ta gefen hanci har leɓe, shi bai sani ba, yana ta ciniki. Babu wanda ya yi dariya. Da an yi dariya ma da sauƙi. Abin da aka tafi da shi gida a ranar shi ne: gidan su Iro suna ɓoye wani abu.

Malam Sale ya aiko in zo. Na same shi a bakin karofi, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa, yana duba wani zane da aka tsamo. Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa kama shi da ha'inci ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba har yau, ko da yake maganarsa ce ta jawo abin da ya biyo baya.

Ya ce, "Habu, ni ban ce kome ba, ban kuma zargi kowa ba. Amma uwar yarinya ba ta barci. In girar nan ta fito kafin a cire auduga, magana tana nan yadda take. In ba ta fito ba, kai ma uba ne."

Na ce, "Malam, gira ba gero ba ce da za a ce ta fito kafin wata kaza."

Ya ce, "Na sani. Amma ni ma iyakar abin da zan iya ke nan."

Na gaya wa Iro yadda muka yi, ban rage ba. Ruwan farko ya sauka, ina da kaya da na yi alkawarin kaiwa Kano, na ɗaure jakuna. Kafin in tafi na ce masa, "Man kaɗe kawai. Kada ka yarda a sa maka wani abu a fuska sai na dawo." Ya ce, "To, Yaya." Amma saurayin da aka yanka wa wa'adi ba ya jin to ɗin da ya faɗa.

Gwaggo Tabawa ta ji labarin wani mai magani a wani ƙauye bayan Mahuta, wai ya taɓa tsirar wa wani gashi a kan tabon wuta. Ta ɗauki Iro suka tafi. Daga baya ya ba ni labarin wurin: mutane jere a gindin tsamiya tun hantsi, mai ƙaba, mai gyambo, mace da yaron da ba ya tafiya, kowa riƙe da kaza ko ƙullin wuri. Sai la'asar aka kai kansu. Mutumin ya shafa kan Iro ya ce, "Fata ce ta yi barci. Sai an tashe ta." Ya kakkarce masa gira da tsakiyar kai da bakin aska, ya karyo tinya, ya ɗiga farin ruwanta a kan karcen, ya ɗaure da tsumma. Ya ce zafin da zai ji shi ne maganin, kada ya kwance sai gobe.

Duk wanda ya taɓa yin shinge da tinya ya san ko a hannu ruwanta ya taɓa ka sai ya tashi. Suna hanyar dawowa hadari ya taso, babu wurin fakewa. Ruwan sama ya jiƙa tsumman, ya wanko abin da ke ciki ya gangaro. Mai gira da gashin ido, su ne za su tare masa. Iro ba shi da ko ɗaya. Ya shiga idon hagu kai tsaye.

Da na dawo daga Kano ban sauke kaya ba aka ce in shiga ɗakin Inna. Ban gane shi ba. Fuska ta kumbura ta yi sheƙi, goshi ya saluɓe, kai duk ƙuraje masu ruwa, ido ɗaya ya manne da mugunya. Ɗakin yana wari. Inna tana zaune da mafici tana korar ƙuda, ta rame kamar ita ce majinyaciyar. Ba ta kiran sunana, Babba take ce mini. Ta ce, "Babba, ka ga abin da muka yi."

Iro ya ji muryata ya ce, "Yaya, ka sayar da koren nan mai tabo?"

Na ce, "Na sayar."

Ya ce, "Da riba?"

Na ce, "Da riba. Yi shiru."

Damina muka cinye a ɗakin nan. Makon farko zazzaɓi ne, yana sambatu yana kiran farashin kaya. Ba ya iya tauna, don motsa muƙamuƙi yana ja masa fatar goshi, sai kunu nake ɗura masa da ludayi kaɗan-kaɗan. Idon kuwa da madara muke wanke shi, safe da yamma. Wata Bafillatana mai suna Dije, daga rugar da ke gabas da gari, ita take kawo mana da ɗuminta. Ba ta taɓa fashi ba ko ana ruwa, ba ta ƙara mana ko wuri ɗaya ba, kuma ita kaɗai ce baƙuwar da take shiga har ɗaki ta riƙe masa haɓa da hannunta tana cewa, "Buɗe, ɗan birni, buɗe, maraƙina ma ya fi ka jarumta." Allah ya saka mata. Mati wanzami ma ya yi mana ƙoƙari. Shi yake zuwa ya kwance, ya matse mugunya, ya shafa zuma ya ɗaure. Na gode masa, kuma zan faɗi ɗaya gefen: aska dabam ya ware wa gidanmu, ya ɗaura mata jan zare, ya tabbatar duk kasuwa ta san da haka. Shi ma abincinsa yake karewa. Amma jan zaren nan ya yi mana ɓarnar da bakin mutum goma bai yi ba.

Na je wurin mai maganin. Na tarar da layi a gindin tsamiya kamar yadda aka faɗa mini. Ya saurare ni sarai, sannan ya ce, "Ni na ce ya shiga ruwa?" Na dubi mutanen da ke jira, na faɗa musu abin da ya faru da ƙarfi. Wata tsohuwa ta ce in matsa, ina tare mata layi. Gwaggo Tabawa kuwa ta koma Tsiga, ba ta ƙara taka gidanmu ba sai ranar rasuwar Inna.

Da gero ya fara fitar da kai, miki ya rufe. Sai dai inda tinya ta ci, fata ta dawo fara-fara, ja-ja, a goshi da tsakiyar kai da gefen hanci. Idon hagu ya buɗe da hakiya, ba ya ganin kome sai haske. Gashi ko ɗaya bai tsiro ba. Da can gira kawai ya rasa. Yanzu ga tabo mai haske a fuska, irin wanda kowa yake nema ya gani. Ni kaina, da nake wanke shi da hannuna, wata rana na tsinci kaina ina duban yatsunsa.

Shi ma ya lura. Ya ce, "Yaya, in ita ce, ka faɗa mini. Na gaji da kallon da kuke yi mini."

A sana'ata, in ina shakkar kaya, wurin wanda ya fi kowa riƙe irinsu nake kaiwa. Don haka na ce ya sa riga. Na kai shi bayan ganuwa, unguwar kutare, wurin babbansu, wani tsoho da ake kira Baba Jatau. Muka same shi a inuwa yana murza igiya da dungulmin hannu da tafin ƙafa.

Ya ce, "Maraba da masu yatsu. Sadaka kuka kawo ko baƙo?"

Na ce, "Tambaya muka kawo, Baba."

Ya sa Iro ya tuɓe riga ya juya a rana. Ya duba bayansa, ya duba kunnuwa, ya sa shi ya buɗe hannu ya rufe. Sannan ya ce in karyo ƙayar aduwa, Iro ya rufe ido, in soka inda zai nuna mini. Na soka a tabon goshi.

"Wash!"

Na soka a ɗan yatsa, na soka a diddige. Ko'ina sai ya zabura. Tsohon ya yi dariya har yana tari.

"Ka ji shi? Wash! Yaro, da ni zan ji zafin nan da sai na yi biki. Tamu ji take fara kashewa. Ka taka garwashi sai ƙauri ya gaya maka." Ya ture hularsa da dungu, sai ga furfura cunkus. "Kuma dubi nan. Tana cin gira, tana cin hanci, amma gashin kai ta bar mana shi, ko don mu riƙa biyan wanzami. Wannan ba namu ba ne. Ƙuna ce a goshinsa. Ku tafi da abinku, ba mu da wurin kwana."

Iro ya durƙusa a wurin ya yi kuka, da ido mai gani da marar gani. Na ce wa tsohon ko zai zo kasuwa ya faɗi wannan a gaban mutane, in biya shi abin da ya ce.

Ya ce, "Ka ga matsalar ke nan, ɗana. In na zo, za a ce ka biya ni. In ban karɓa ba, za a ce ka biya ni a ɓoye. Kuma ka waiwaya."

Na waiwaya. Mata ne masu dawowa daga itace, sun tsaya a kan hanya da kaya a ka suna kallonmu. Kafin kasuwa ta zagayo, duk Maska ta ji cewa Habu ya kai ƙanensa gaisuwa wurin 'yan'uwansa, har an gan shi durƙushe gaban babbansu. Ban yi nadamar zuwan ba. A ranar ne yaron ya fara barci sosai, ni kuma na daina duban yatsunsa. Amma gaskiyar da muka samo, mu uku da Inna kaɗai ta yi wa amfani.

Na gwada abin da ya rage mini. Kowace ranar kasuwa sai in sa a kawo tuwo rumfa, in zauna a bakin hanya, ni da Iro mu sa hannu a akushi ɗaya, in sha ruwa a ƙoƙon da ya sha. Na yi haka har aka fara cirar auduga. Abin da na samu shi ne wasu daga cikin masu saye a hannuna suka koma rumfar gaba. Malam Sale ya aiko da kayan toshi a cikin kwando, an lissafa kome daidai, ko zobe bai ɓata ba. Masu rini suka ce in dai Iro ne zai taɓa, a dawo musu da turkuɗinsu.

Shi ya yanke magana da kansa. Muna rufe rumfa wata yamma ya ce, "Yaya, in na zauna, kai ma za su cinye ka, ga Inna, ga yara. Ba ni gonar Babanmu ta wajen Tsiga."

Na ce, "Kai ba manomi ba ne."

Ya ce, "Auduga ba ta kallon fuska."

Na ba shi gonar, da jaki ɗaya, da iri.

To ga abin da zan ce wa mai saurayi a gida. In gashi ya fara zuba ba ciwo ba ƙaiƙayi, a shafa mai a bar wa Allah. Na ga waɗanda nasu ya dawo da kansa bayan shekara, na ga wanda bai dawo ba, ban ga wanda zubar gashi ta kwantar ba. Kada a zana, kada a rufe, a fito da shi rana tun ana dariya. Kada a yarda kowa ya yanka wa jiki wa'adi. Kuma duk maganin da aka ce zafinsa ne aikinsa, kada ya kusanci ido.

Yau Iro ya yi furfurar da ba a gani, don har yanzu ko gashi ɗaya babu a jikinsa. Yatsunsa goma cif. Ya auri wata bazawara a can, suna da 'ya'ya, kowannensu da gira kamar an zana. Ciwon da kansa gashi kawai ya ci. Ido, magani ne ya ci shi. Rumfa da aure da suna, bakin mutane ne. Waɗanda suka ƙi hannunsa da yawa sun mutu, sauran in an yi zancen sai su ce, "Ashe dai ba ita ba ce," su ci gaba da abin da suke yi. 'Ya'yansu kuwa, da ba su taɓa ganinsa ba, Iro Kuturu suka san shi.

Audugarsa tana cikin mafi kyau da ke shigowa Maska. Ni nake sayar da ita. Matan gari suna kaɗa ta, masaƙa suna saƙawa, ana rina ta a karofin 'ya'yan Malam Sale, ana sa ta ranar Juma'a. Ya roƙe ni kada in faɗi gonar da ta fito, ban kuma faɗa a kasuwa ba. Duk kaka yakan koro jakuna har bakin ganuwa, ya tsaya a nan ya aiko a kira ni. Nakan ce, "Shigo mana ka sha ruwa, gidan ubanka ne." Yakan ce, "Auna dai, Yaya, rana tana yi."